Takardar da Ban Karanta wa Masu Ita Ba

Kwanakin baya na shiga wani shagon kwamfuta a nan Anka don a ɗaukar mini hoton wata takarda, sai na ji matasan da ke aiki a wurin suna hirar sana'armu ta da. Ɗayansu ya ce ai aikin masu tafireta ba aiki ba ne, mutum ya faɗa ka buga, shi ke nan. Ban tanka ba, domin ban tabbata da ni suke ba, ko da yake ni kaɗai ne mai furfura a shagon. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na sani, gwargwadon yadda nake iya tunawa. Inda nake shakka zan faɗa. Sunayen mutane duk na canza su, na ƙauyen ma haka, saboda dalilin da zai bayyana nan gaba.

Na gama jami'a a Sakkwato a ƙarshe-ƙarshen mulkin soja, na yi hidimar ƙasa, na dawo gida da digiri a kan tarihi da kuma tabbacin cewa cikin wata uku za a kira ni aiki. Ba a kira ni ba. Takardun neman aikin da nake aikawa Gusau kuwa duk wurin mutum ɗaya nake kai su a buga, wato Baba Jelani, tsohon akawun kotu da ya ajiye aiki ya kafa tebur a gindin wani dogon-yaro, daura da kotun alƙali. Ranar da na kai masa ta goma sha wani abu, sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Lawali, wagga takarda na hardace ta. In ba ka da abin yi, zamna nan ka buga abinka da kanka, in huta."

Na zauna, ban tashi ba sai bayan shekara goma sha ɗaya. Inna ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Daga baya ta riƙa gaya wa maƙwabta cewa a kotu nake aiki, wanda in aka bi ta kusancin wuri ba za a ce ƙarya ba ne.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tafiretar kanta, baƙa, mai nauyin rabin buhun gero. Ba ta san Hausa ba, don ba ta da haruffanmu masu lanƙwasa, saboda haka in ka gama bugu sai ka ɗauki baƙin biro ka bi layi-layi kana yi musu ƙugiya da hannu. Akwai ribin, wato ƙyallen tawada, wanda in ya bushe muke ɗiga masa man keken ɗinki mu nannaɗe shi ya kwana. Akwai takardar kabon da ake sawa tsakanin farare biyu don kwafi ya fito. Akwai reza ta kankare kuskure, kuma sau ɗaya takarda ke yarda a kankare ta, na biyu sai ta huje. Akwai gwangwanin tawadar dangwale, domin yawancin masu kawo mana aiki da babban yatsa suke sa hannu. Sai wata doguwar ƙusa da aka kafe a jikin katako tana kallon sama, inda muke soke duk wani rubutun hannu da aka kawo mana.

Dokokin Baba Jelani biyu ne da rabi. Ta farko, ba wanda zai dangwala yatsa sai ka karanta masa abin da ka buga, da ƙarfi, a gaban duk wanda ke zaune a benci. Ta biyu, rubutun hannun da aka kawo ba ya komawa da mai shi, a ƙusa yake kwana. Rabin kuwa shi ne, duk jimlar da ta ɗora wa wani laifi, ka ɗaga hannu daga tafireta ka tambaya, "Wa ya gani?" Na tambaye shi dalilin da ya sa yake kiran wannan rabi. Ya ce don ba doka ba ce, tsoro ne, amma tsoro mai amfani.

Aikin farko da na yi ni kaɗai na wani manomi ne daga wajen Zugu, wanda jakin maƙwabcinsa ya shiga masa gonar wake. Ya ce in rubuta wa hakimi cewa maƙwabcin ɓarawo ne, ubansa ɓarawo ne, kakansa ma ya taɓa satar sirdi. Na buga duka, don a jami'a an koya mana mutunta majiya. Baba ya ce in karanta. Na karanta da ƙarfi, mutanen benci suna saurare. Ina kaiwa kan kakan sai mutumin ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan boko. Ni nic ce haka?"

"Kai ka ce, Baba."

"To a bakina ba ta yi muni haka ba. Kuma kakan nan nashi, kakana ne ni ma ta wajen uwa. Hidda shi."

Muka fitar da kakan, muka fitar da uban, a ƙarshe jakin kaɗai ya rage a takarda, kuma shi kam an gan shi. A ganina aikin ke nan. Bugun, kowa zai iya koyonsa cikin wata biyu.

Bayan da aka koma mulkin farar hula, aka kuma fara aiki da shari'a a jiharmu, rabin dokar nan ta Baba sai ta zama ita ce babba. Wanda ya jingina wa wani zina bai kawo shaidu huɗu da suka gani da idonsu ba, ƙazafi ya yi, hukuncinsa bulala tamanin. Ni ba malami ba ne, ba zan shiga bayanin da ya fi ƙarfina ba. Amma tamanin ɗin na gane ta sarai, kuma ni mutum ne siriri. A wannan tsakanin idon Baba ya yi yana, ya koma zauren gidansa ya bar mini tebur. Abu na farko da na yi da 'yancina shi ne na sa aka sassaƙa mini hatimin roba a Gusau, mai ɗauke da sunana da sunan gari da kalmar digiri, ina buga shi a ƙasan kowace takarda. Baba bai taɓa yin hatimi ba. Na ɗauka rashin wayewa ne.

Akwai wani ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum, zan kira shi Tungar Rafi. Rafi ne ya raba shi da hanyar mota, in damina ta yi nisa sai dai a yi iyo ko a haƙura. Kansilansu a lokacin Alhaji Bawa ne, gajere, mai fara'a, mai son turare. A zamaninsa takin zamani ya riƙa isa ƙauyen, kuma ya kafa ginshiƙai biyu na gada a tsakiyar rafin, suka tsaya nan shekara uku ba komai a kansu. Ana kuma cewa, ni dai ji na yi, wai babur ɗinsa ya san hanyar Gummi ko ba a riƙe masa kai ba, inda wata bazawara, Hajiya Rabi, ke sayar da tuwo a tasha. Mai neman kujerarsa a zaɓen fid da gwani na jam'iyya shi ne Malam Isiya, mutumin sahun farko a masallaci, wanda ba a taɓa jin ko kallon banza ya yi wa wata mace ba. Shi ya shugabanci kwamitin haƙa rijiyar ƙauyen shekara huɗu. Ba a taɓa fasa taro ba, ana buɗewa da addu'a a rufe da addu'a. Bai ci komai ba, kowa ya shaida. Rijiyar ce dai babu.

Ranar ƙarshe ta karɓar koke a kwamitin tantance 'yan takara, bencina ya cika har wasu na tsaye. Sai ga Sale, ɗaya daga cikin masu yi wa Malam Isiya yawo, ko da yake na fi zaton shi Malam Isiyan bai san da zancen ba. Ya bar babur a kunne, ya ajiye mini rubutun hannu da wata doguwar takarda mai dangwale talatin da bakwai, kowanne da suna a gefensa.

"Malam Digiri, buga muna wagga da hanzari. Ƙarhe biyu ake ruhe ohis."

Mai bugu in ya ƙware, yatsunsa ke karatu, kansa yana wani wuri. Sai da na kai tsakiya na lura da abin da nake bugawa. Takardar ta ambaci kansila, ta ambaci Hajiya Rabi, ta ambaci rana, ta kuma kira abin da sunansa, ba wai, ba an ce. Na ɗaga hannu na tambaya, amma a hankali, "Wa ya gani?"

Sale ya kaɗa mini takardar dangwalen a fuska. "Mutum talatin da bakwai. Shari'a huɗu tac ce. Kai da ka yi jami'a, wanne ya hi yawa?"

Na duba na ga lallai talatin da bakwai ya fi huɗu. Na ƙarasa, na yi wa haruffa ƙugiya, na buga hatimi. Ya haɗa takardun biyu da allura, ya fizge rubutun hannunsa, ya hau babur. Cikin minti ashirin na karya doka biyu da rabi.

Bayan mako guda masinjan kotu ya tsallako titi ya miƙo mini sammaci. Ya ce tunda ya fara aiki bai taɓa kai sammaci kusa haka ba. Alhaji Bawa ya kai ƙarar ƙazafi. Aka nemi Sale aka rasa, wasu suka ce ya bi masu haƙar zinariya. Sannan na ji abin da ya fi wannan. Ashe dangwalen nan tun watannin baya aka tara shi a kan farar takarda, da sunan za a rubuta wa ƙaramar hukuma roƙon a ƙarasa gada. Wato mutum talatin da bakwai za su iya rantsuwa, kuma da gaskiyarsu, cewa ba su taɓa faɗin maganar ba. Sunan da ya rage a ƙarƙashinta ɗaya ne, a cikin hatimi, tare da kalmar digiri.

Na tafi zauren Baba Jelani na durƙusa na ba shi labari. Bai katse ni ba sai da na gama.

"Ka karanta musu?"

"A'a, Baba."

"Rubutun hannun na bisa ƙusa?"

"Ya tafi da shi."

"Wa yag gani?"

Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "To ni ban yi jami'a ba, sai ka hwaɗa mani. Mai digiri, da riga ake bugunai ko sai ya tuɓe?"

Da ya gama da ni, ya ce kamar yadda ya sani mai ƙara yana iya yafewa, saboda haka in je in sami kansila. Na same shi a ƙofar gidansa da hantsi. Ya karɓe ni da fara'a har ya sa aka kawo mini fura, abin da ya ƙara tsorata ni.

"Malam Lawali, ni ba bayanka nika so ba," in ji shi. "Mi za ni yi da shi? Ƙauyena nika so. In sun rubuto cewa ba su cikin waccan takarda, kuma sun tsaya bayana ranar layi, na janye. In ko sun juya mani baya, ba abin da ya rage mani sai sunana, kuma sai in wanke shi bisa bayanka. Sha hura."

Zaɓen na ƙato bayan ƙato ne, wato ɗan takara ya tsaya a fili, masu sonsa su yi layi a bayansa a ƙirga, kowa na ganin kowa. An sa shi kwana uku kafin ranar shari'ata. Ban taɓa damuwa da zaɓen kansila ba, ko na mazaɓata. Wannan kuwa har kwanakinsa na riƙa ƙirgawa.

Washegari na ɗaure tafireta a bayan babur ɗin kabu-kabu muka nufi Tungar Rafi. An fara ruwa, rafin ya kawo cinya. Na naɗe wando na ɗora tafiretar a ka na ratsa ta tsakanin ginshiƙan nan biyu, ina addu'a kada santsi ya kwashe ni da ita. Bayan azahar mai gari ya tara mutane a ƙofar gidansa, maza a kan tabarmi, mata a bayan zana. Na ce musu na zo ne in yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na fito da kwafin kabon na karanta musu da ƙarfi, tun daga gaisuwa har hatimi.

"Wanga batu mu munka hwaɗe shi?" in ji mai gari.

"Dangwalenku ne a ƙasa, ranka ya daɗe."

"Mu gada munka dangwala wa."

Na ce to tunda haka ne zan yi tambayar da maigidana ya koya mini. Wa ya gani? Wani dogon manomi, Mamman, ya ce ai kowa ya sani. Na ce ba sani na tambaya ba.

"To ni na ga babur ɗinai bakin tashar Gummi."

"Shi fa?"

"Shina cin tuwo."

"Sai me ya faru?"

"An ƙara mai miya. Bai ko roƙa ba."

Aka yi dariya. Wani ya ce shi ƙamshin turaren kansila ya taɓa ji a wurin. Wani ya ce surukinsa ne ya gaya masa, shi kuma a mota ya ji. Shaidun ke nan. Na gyara takarda a tafireta don in buga cewa ba wanda ya ga komai, sai mai gari ya ce tunda an taru, a gama magana gaba ɗaya, bayan wa za a tsaya ranar layi. Wani ya tambaya shi ɗan bokon nan bulala nawa ce a kansa in abin ya ɓaci. Aka ce tamanin. Suka juyo suka ƙare wa bayana kallo kamar yadda ake duba ramammen rago a kasuwa. Mamman ya ce, "Ba ya kai ashirin."

Liman ne ya fara magana, dattijo ne mai sanyin murya. Ya ce shi bai tuhumi kowa ba, don bai gani ba, kuma duk wanda ya yaɗa abin da bai gani ba ya nemi gafara. Amma shugaba, in ji shi, ba ya zama inda za a yi zarginsa. "Layin ga a hili ake yin shi. Ɗiyana na kallo. In sun ce, Baba, don mi ka tsaya bayan mutumin da gari ke magana kanai, in ce musu mi? In ce siminti?"

Gaskiya a raina na ga yana da hujja, ko da yake bayana bai yarda da shi ba.

Mamman ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ni ba ɗiyata za ni ba shi ba, ba kuma limanci za mu ba shi ba. Limanci na hannunka, ba mu da ƙorahi. Gada muka so."

"Malam Isiya fa mutumin kirki ne," in ji wani daga baya.

"Ƙwarai. Ran da na mutu shi nika so ya yi mani wanka. Amma ina da rai tukuna, kuma gonata na wancan ƙetare."

Sai wani tsoho da bai yi magana ba tun farko ya ce a daina raba abin biyu kamar ba su haɗu ba. Mutumin da ke Gummi sau uku a mako, yaushe zai je sakatariya ya bi sawun siminti? "Ginshiƙi biyu, shekara ukku. Da hanyar Gummi ta bi ta rahin ga, da tuni an gama gada." Wannan karon har Liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Amma na ga kawuna suna gyaɗawa, kuma ba ta wajen da nake so ba. Na riƙa ƙirga su a ɓoye, na ga abin ya kusa rabi da rabi. Ba aikin mai bugu ba ne ya gaya wa mutane abin da za su faɗa.

Muryar da ta fito daga bayan zana ta Inna Kulu ce, ungozomar ƙauyen. Ba ta nemi izini ba.

"Ku maza kuna ta batun inda babur ɗinai ke zuwa. Ni inda mota ba ta iya zuwa shi ad damuwata. Bara bisa ƙyauren ɗaki munka ƙetarar da matarka, Mamman, ruwa har ƙirji, bakin gaɓa ta haihu. Allah ya kiyaye, ba dubararku ba. Ita kuma matar da kunka sa sunanta cikin takarda, ɗiyar wani ce, ba wanda ya tambaye ta."

Ta ci gaba.

"Malam Liman ya yi gaskiya, tsohon nan ma ya yi gaskiya. To amma yanzu Bawa kunya shika ji. Kansila mai jin kunya ba kullum ake samu ba. Ku yi aiki da ita kamin ta huce."

Aka daɗe ana jayayya bayan wannan, har la'asar, amma a kan maganarta aka tsaya. Suka faɗa ina bugawa. Sakin layi na farko, cewa ba wanda ya ga komai a cikinsu, kuma suna neman yafiyar duk wanda aka ambata. Na biyu, cewa za su tsaya bayan Alhaji Bawa in siminti da rodi suka iso bakin rafi kafin ranar layi. Na uku Liman ne ya sa shi, cewa jama'a suna tunatar da mai girma kansila akwai tuwo a garinsu. Na karanta musu sau biyu, a tsaye. Mutum talatin da ɗaya suka dangwala. Shida suka ƙi, cikinsu har da Liman, wanda ya ce ya yarda da na farko da na uku amma ban da na tsakiya. Sai da na buga musu tasu takardar daban.

Na karanta wa kansila duka biyun a ƙofar gidansa. Da na zo kan tuwo sai ya ɗaga kai yana duban reshen bishiya. Bayan kwana biyu tirakta ta sauke siminti da rodi a bakin rafi. Inda suke ajiye shekara uku ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar layi na je na tsaya can nesa. Liman ya tashi da ciwon ƙafa bai fito ba. 'Ya'yansa huɗu magidanta kuwa suna layin Alhaji Bawa, can ƙarshe, kowanne yana kallon wani wuri daban. Aka ƙirga, kansila ya yi rinjaye, ba da yawa sosai ba. Malam Isiya ya tako ya ba shi hannu da zuciya ɗaya, ya kuma ba da shawarar a kafa kwamitin gada. Ba wanda ya ji shi.

Washegari kansila ya zo teburina da kansa don in buga masa takardar janye ƙara. Benci a cike. Ya ce in rubuta cewa ya yafe saboda Allah, kuma bai taɓa taka Gummi ba sai don aikin jama'a, bai ma san wata Rabi ba. Na buga, na karanta da ƙarfi, na miƙa masa biro, na ce ina dai tunatar da shi gaban alƙali za ta je, kuma mai yiwuwa a nemi rantsuwa.

"Sake karantawa," in ji shi.

Na sake.

"Hidda layin ƙarshen nan. Takarda ta yi tsawo."

Wannan ba ya tabbatar da komai, ina so a lura. Akwai mutanen da ba su son doguwar takarda.

Alƙali ya karɓi janyewar. Kafin ya sallame ni ya ce in miƙo hatimin ya gani. Ya juya shi, ya karanta, ya sa a aljihun teburinsa, bai sake maganarsa ba, ni ma ban yi ba. Shekarar ba ta yi mini daɗi ba. Wata da watanni masu koke suka riƙa wuce ni suna tafiya har Bukkuyum a buga musu, sai 'yan takardun haya da na neman aiki nake samu. Aka kuma laƙaba mini suna Tamanin, wanda har yau wasu ba su san ba sunan yanka ba ne.

Akwai takarda ɗaya da ba wanda ya sa ni. Na buga ta da sunana, ta neman gafara, na kai wa Hajiya Rabi a tashar Gummi, na tsaya gaban tukwanenta na karanta mata da ƙarfi. Ba ta daina tuƙi ba har na gama.

"Kai ka gani?" ta tambaye ni.

"Ban gani ba, Hajiya."

"Amma ka buga."

"Na buga."

"Shi an ba shi kujera. Kai an bar maka bayanka. Ni mi anka ba ni?"

Ta zuba tuwo ta turo mini, ta ce in ci in biya kamar kowa. Ba ta ƙara mini miya ba.

An gama gadar da ranin da ya biyo baya. An manna mata allo mai sunan kansila, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba. Bayan wasu shekaru ruwa ya ci gefenta ɗaya, mai gari ya zo da dattawa bakwai a rubuta wa ƙaramar hukuma. Ya fara faɗa ina bugawa, sai na ji ya ce, "Muna roƙon a gyara muna Gadar Rabi." Na ɗaga hannu daga tafireta. Na ce ko a sa gadar Tungar Rafi, don kauce wa abin da ka iya biyo baya. Ya ce in aka rubuta haka ko direban tirakta ba zai gane wadda ake nufi ba. Na dubi sauran, na dubi Liman da ke ƙarshen benci, na yi tambayar da na saba.

"Wa ya gani?"

"Wagga kam kowa ya gani," in ji Liman. "Bisa kanta munka biyo."

Na buga yadda suka faɗa, na karanta musu sau biyu. Liman ne ya fara miƙo yatsa.